Yadda makaranta za ta auna yaranta, awon da zai canja aikin aji

Babu makarantar firamare a Damagaram da ba ta yin kompozisiyo, wato jarrabawar aji. Ana gyara kaye, wato littattafan rubutun yara, a fitar da maki bisa 10, a jera yara daga na ɗaya zuwa na ƙarshe, uba ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. Amma ka tambayi mushe, wato malamin aji, me ya hana yaron da ya samu 3 samun 6, da wuya takardar ta ba shi amsa. Yara biyu suna iya tashi da 3 ɗin nan, ɗaya bai san haruffa ba sam, ɗayan yana karatu amma da jan ƙafa, har lokaci ya ƙare bai kai tambaya ta uku ba. Maganinsu ba ɗaya ba ne, maki kuwa ya haɗe su wuri guda.

Manyan gwaje-gwaje suna da nasu amfani. Gwajin PASEC, wanda taron ministocin ilimi na ƙasashe masu aiki da Faransanci yake shiryawa, ya nuna a 2014 cewa cikin yara goma na ajin ƙarshe na firamare a Nijar ko ɗaya cikakke bai kai matakin karatun da ake nema ba. A 2019 an samu kusan uku cikin goma, lissafi kuma ya zo ƙasa da haka. Wannan ya ishi ma'aikata ta sake tunani, amma samfurin makarantu ake ɗauka, ba zai faɗa wa daraktan wata makaranta a Garin Malam ko Mirya wane yaro ne ya tsaya a ina ba. CFEPD kuma, jarrabawar kammala firamare, tana zuwa ne bayan shekara shida, lokacin da gyara ya riga ya yi tsada. Abin da yake hannun darakta da malamansa shi ne ƙaramin awo na yaro ɗaya-ɗaya, irin wanda ƙungiyar Pratham ta yaɗa a Indiya, wanda kuma shirin inganta koyo na PMAQ, mai tallafin Japan, ya yi aiki da irinsa a makarantunmu. Ba ya bukatar izinin kowa, kuɗinsa bai wuce na kwali da biro ba.

Takardar karatu

Kwali ɗaya ne, an raba shi huɗu, rubutu manya kuma a sarari. Kashi na farko haruffa 10 a warwatse, ba bisa jerin a, b, c ba, domin yaro yana iya rera jerin kamar waƙa bai san ko ɗaya ba. Na biyu kalmomi 10 gajeru, masu gaɓa biyu, na abubuwan da yaro ya sani. Na uku jimloli huɗu, kalma 20 ko kusa da haka, daidai da littafin CP (aji biyu). Na huɗu ɗan labari mai kalma 60 zuwa 70, daidai da littafin CE1 (aji uku), da tambayoyi biyu a kansa: ɗaya amsarta tana kwance cikin labarin, ɗaya sai yaro ya haɗa abu biyu kafin ya samo ta.

Ga irin jimlolin kashi na uku idan da Hausa ne: "Hadiza ta tafi rijiya da safe. Ta ɗauki bokiti biyu. Ƙanenta ya bi ta. Sun dawo kafin rana ta yi zafi." Da a ce labarin kashi na huɗu ne, tambayar haɗawa a irin wannan ita ce me ya sa suka dawo da wuri.

Kada a ɗauko jimlolin daga littafin da ake karantawa a aji. Yaranmu suna da kaifin hadda, wanda ya taso a makarantar allo ma ya fi, shafin da aka maimaita sau goma zai zuba maka shi idonsa yana kallon rufi. A rubuta sababbi, kuma a yi kwali uku daban-daban masu nauyi ɗaya, domin wanda ya fito zai gaya wa na bayansa.

Da wane harshe? Da harshen da ake koya wa yaron karatu. Inda ake farawa da Hausa, tsarin da aka fara gwadawa a nan Damagaram tun 1973, a auna da Hausa a ƙananan azuzuwa. Inda Faransanci ne tun CI (aji ɗaya), a auna da Faransanci. Daga CE2 (aji huɗu) zuwa sama ya fi kyau a yi duka biyun, saboda suna raba ciwo biyu da ake yawan cakuɗawa: yaron da bai iya haɗa haruffa ba, da yaron da yake karanta Faransanci tsaf amma bai san abin da yake faɗa ba. Umarni kuwa kullum da harshen gida ake ba da shi. A wajen Gure, Tanut ko Tesker, inda yaro zai iya zama Barebari ko Bafillace ko Buzu ko Tubu, a nemo wanda zai yi masa bayani da harshensa, in ba haka ba Hausarsa aka auna, ba karatunsa ba.

Zaman awo

Malami da yaro su zauna gefe da gefe, a kan tabarma ko benci, nesa da sauran aji yadda ba za a ji su ba. Babu bulala a kusa, ko a kan tebur. A gaisa, a gaya masa wannan ba kompozisiyo ba ce kuma babu maki. A ba shi kwalin ya riƙe da hannunsa.

Ana farawa daga jimloli huɗun nan, ba daga haruffa ba. Idan ya karanta su a matsayin jimloli, ba kalma-kalma yana tsayawa ba, kuma kuskurensa bai wuce uku ba, a hau da shi labari. Idan ya kasa, a sauko kalmomi: ya zaɓi biyar, ya samu huɗu daidai. Idan ya kasa, a sauko haruffa da ƙa'ida guda, huɗu cikin biyar. Wanda bai samu wannan ba shi ne mafari. Matakin yaro shi ne mafi girman da ya haye. Matakai biyar ke nan: mafari, harafi, kalma, jimla, labari. Wanda ya karanta labari amma ya kasa tambayoyin biyu a sa masa alama ta daban, ba a gama da shi ba.

Malami ba ya gyara, ba ya fara wa yaro kalma, ba ya gyaɗa kai. Wannan shi ne abin da ya fi wuya, domin bakin malami ya saba taimako. Idan yaro ya yi kuskure ya gyara da kansa, ba a ƙirga. Lafazi ma ba kuskure ba ne: Bahaushen yaro da ya furta p kamar f, ko v kamar b, ya gane harafin, bakinsa ne bai saba ba. Wanda ya karanta d a wurin b kuwa, wannan a rubuta shi.

Kowane yaro yana cin minti biyar, wani ƙasa da haka. Aji mai yara 60 awa biyar ke nan, wato safiya biyu idan malamai biyu suka raba. Malamai su yi musaya, na CE1 ya auna CE2, na CE2 ya auna CE1. Ba don ana zargin kowa ba ne, ido ne yake sabawa da nasa. A yi da safe, musamman a Afrilu da Mayu. A kauce wa ranar kasuwar gari, Alhamis ga na cikin birni, a kuma tuna cewa lokacin ƙarancin ruwa yaran da suke makara su ne waɗanda suka kwana bin layin famfo. Duk wanda bai zo ba a bar sunansa a buɗe, a bi shi cikin mako. Masu fashi yawanci su ne na ƙasa, idan aka fitar da su daga lissafi makaranta za ta yi wa kanta ƙarya.

Lissafi

Tsarin ɗaya ne: gane lambobi 1 zuwa 9, gane 10 zuwa 99, tarawa mai ajiya, ɗebewa mai aro, sai rabawa. A kowane mataki na aiki a ba da biyu, yaro ya yi su a allonsa a gaban malami. A nan amsar da ba daidai ba ta fi ta daidai amfani, saboda haka a kwafe ta a rajista yadda ya rubuta.

Yaron da aka ba 52 a ɗebe 27 ya rubuta 35 bai yi kasala ba. Ya ɗebe ƙarami daga babba a kowane layi, 2 daga 7, 2 daga 5. Yana da ƙa'ida, ƙa'idar ce gurguwa, kuma ba zai bar ta ba sai an sa shi ya kwance damin tsinke goma da hannunsa. Wanda ya tara 38 da 25 ya samu 513 bai san cewa gida ɗaya lamba ɗaya yake ɗauka ba. Wanda aka ce ya rubuta ɗari da biyar ya rubuta 1005 yana rubuta abin da kunnensa ya ji ne. Da Faransanci abin ya fi muni daga 70 zuwa 99, inda tamanin takan fito 420. Kowane ɗaya darasinsa daban.

A ƙara tambaya ɗaya ta baki, da kuɗi, da Hausa: an sayi ƙosai na dala goma sha biyu, an ba da dala ashirin, nawa ne canji? Yarinyar da take talla za ta ce takwas kafin ka rufe baki, ko da ta faɗi ɗebewa a allo. Wannan ba ta rasa lissafi ba, rubuta shi ne ba ta iya ba, kuma gyaranta gajere ne.

Bayan awo

Nan ne yawancin makarantu suke tsayawa: a cika tebur, a aika ofishin sufeto, a koma shafin da aka tsaya. Idan haka za a yi gara a bar yara su huta. Kafin mako ya zagayo dole jadawali ya canja.

A ce an auna CE2 mai yara 60, an samu mafari 9, masu harafi 17, masu kalma 16, masu jimla 11, masu labari 7. Littafin CE2 an rubuta shi ne don bakwai ɗin nan, ko a ce goma sha takwas idan an yi sassauci. Sauran 42 suna kwafe abin da ke babban allo kamar zane. Ƙara musu awa a kan wannan littafin ba zai motsa su ba.

Abin da ake yi shi ne a ware lokaci kullum, awa ɗaya na karatu, idan da hali wani awa na lissafi, a rushe azuzuwa daga CE1 zuwa CM2 (aji shida) a sake tara yara bisa mataki. Rukuni uku sun isa: mafari da masu harafi, masu kalma da jimla, sai masu labari. Idan rukuni ya haura 40 a raba shi biyu. Malamin da ya fi kowa ƙwarewa da haƙuri shi ake ba rukunin ƙasa. Al'adar ba gwani CM2 a bar CI da mafara ga sabon ɗan kwantaragi ita ce take haifar da ƴan CM2 da ba su iya karatu ba, sannan a kwana ana musu darasin dare don jarrabawa.

A rukunin farko, haruffa biyu ko uku a mako, sauti kafin suna, a haɗa su gaɓoɓi tun ranar farko: ba, bi, bu, sannan baba, biri. Katunan haruffa daga kwalin sabulu ko na sukari ake yanka su. Yara su rubuta a ƙasa da yatsa, sannan a allo. A rukuni na biyu, kowace rana gajeren rubutu sabo, kowane yaro ya karanta shi kaɗai yana bin kalma da yatsa. Karatun baki ɗaya a rage shi sosai, cikinsa ne marasa karatu suke ɓuya, suna motsa leɓe bayan masu ƙarfi. Rukuni na uku su karanta, su ba da labarin da bakinsu, su rubuta jimla uku zuwa biyar a kansa. Su ne ake yawan mantawa, a mai da su masu tsaron aji.

Ga awon kullum, allon hannu ya wadatar. Malami ya yi tambaya, kowa ya rubuta, a buga tebur, kowa ya ɗaga a lokaci ɗaya. Cikin daƙiƙa goma an ga yara 50. Sharaɗinsa malami ya taka zuwa layin baya, kuma kada ya ce "kun gane?", domin amsar wannan tambaya kullum i ce.

Bayan mako shida zuwa takwas a sake awo da wani kwali. Wanda ya haye ya canja rukuni a ranar, ba a jira ƙarshen zango. Wanda malami ya ga ya haye tun kafin lokacin ma a auna shi a wuce da shi. Rukunin da ya zama mazaunin dindindin ya koma ajin daƙiƙai, yara kuma za su raɗa masa wannan sunan ko malamai ba su raɗa ba. Don haka a ba rukunoni sunan launi ko na itace, kuma babban yaro na CM1 (aji biyar) da ya faɗo cikin mafara a ba shi wani aiki a rukunin, rabon katuna ko riƙon alli, kada kunya ta kore shi zuwa tasha.

Awo uku ko huɗu a shekara sun isa: na farko mako biyu bayan an fara karatu sosai, sannan kafin hutun Disamba, sannan wajen Fabrairu ko Maris, na ƙarshe a Mayu. Makarantun rumfar kara, waɗanda ba sa zama sai an gama girbi an samu karan kafawa, su ƙirga daga ranar da suka fara, ba daga ranar buɗewar Oktoba ba.

Iyaye da CGDES

Sakamakon a kai shi babban taron iyaye, ba da maki ba. A zana sanduna biyar a babban allo, ko a tara tsakuwa kashi biyar, a ce: cikin yaranmu 60 na CE2, ga waɗanda suke karanta labari. Uban da bai shiga boko ba ya gane wannan nan take, musamman idan aka nuna masa kwalin aka ce ga abin da aka nema. Ba a kiran sunan yaro a taro. Mai son sanin na ɗansa ya samu mushe shi kaɗai.

Daga nan CGDES, wato kwamitin kula da makaranta, ta sa abin cikin tsarin aikinta na shekara, da abubuwan da za a iya ƙirgawa: alluna nawa, alli kwali nawa, wa zai kula da zaman yamma, wace rana. Ƙungiyar iyaye mata ita ta fi kowa iya bin yarinyar da talla ko aikin gida yake hana ta zuwa. Idan za a ɗauki matashin unguwa mai BEPC (takardar kammala ƙaramar sakandare) ya taimaka, a auna shi da kwalin shi ma, a zaunar da shi kwana biyu ya ga yadda ake yi, kuma a ba shi rukunin tsakiya, ba na mafara ba.

Kompozisiyo kanta

Ba a ce a jefar da ita ba, a sa ta yi magana. Kowace tambaya ta auna abu ɗaya, kuma malami ya rubuta abin a gefe tun kafin ya ba da ita. Bayan gyara a ja tebur, sunayen yara a tsaye, lambobin tambayoyi a kwance, a sa 1 ko 0. A duba layukan tsaye. Tambayar da fiye da rabin aji suka faɗi, darasin ne bai shiga ba, ko tambayar ce ba ta fito ba. A sake koyarwa ta wata hanya ga kowa. Wadda ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu suka faɗi, a ware su kawai. Awa ɗaya wannan yake ci ga aji guda.

Idan makarantun yanki suna yin ta tare, a amince da rabon maki kafin a buɗe kaye ko ɗaya, a gyara biyar na farko tare a taron CAPED, inda malaman yanki suke haɗuwa su ƙara wa juna sani, a ga inda hannun malamai ya bambanta. Dikte (malami ya faɗa, yara su rubuta) wanda kuskure biyar yake kai shi sifili ba ya auna komai a ƙasan aji, tunda mai kuskure shida da mai arba'in duk sifili ne. A ƙirga kalmomin da aka rubuta daidai, sai a ga wanda ya tashi daga 8 zuwa 19 cikin 30.

Inda abin yake lalacewa

Ranar da aka fara jera malamai ko makarantu da wannan awo, ana yabon wani ana kunyata wani, ranar lambobin za su fara ƙarya. Za a koyar da kwalin, za a fara wa yaro kalma, raunana za su riƙa yin rashin lafiya ranar awo. Sufeto da konseye (mai ba malamai shawara) su tambayi yara nawa suka canja mataki tun awon baya, ba wa ya fi yawan masu labari ba, domin makarantar Birni da ta wani ƙauyen Dungas ba wuri ɗaya suka faro ba. Hanyar tabbatarwa mai sauƙi ce: mai ziyara ya zaɓi yara biyar daga rajista da kansa, ya auna su da kwalin da ya zo da shi. Idan huɗu sun yi daidai da abin da aka rubuta, rajistar tana da gaskiya. Idan biyu ko uku sun sha bamban, a sake zama da malamai kan ƙa'idar awo kafin a yi maganar laifi, sau da yawa sassauci ne ba ha'inci ba.

Rajistar ta zauna a makaranta, layi ɗaya ga kowane yaro, ta bi shi daga aji zuwa aji. Malamai suna canja wuri, yajin aiki yana cin makonni, wanda ya zo a Oktoba ya tarar da matakin kowane yaro na Mayu a rubuce, ya kuma sa ran wasu sun ja baya a damina.

Yaron da aka auna sau biyu yana zuwa kullum amma bai motsa ba, a dubi abin da ba na darasi ba. A tsayar da shi a ƙarshen aji a rubuta harafi a allo, ya rufe ido ɗaya ya faɗa, sannan ɗayan. A tsaya bayansa a kira kalma da ƙaramar murya, ta dama sannan ta hagu. A tambaya ko yana karyawa kafin ya fito. Idan ido ne ko kunne, a dawo da shi bencin gaba a ranar, a kira uwa ko uba a ba su takardar zuwa likita.